Kason Dangin Uba

Afra'u ta dawo daga makaranta da wani abu fari a kan yatsanta. Ba ta lashe ba, ba ta goge ba. Haka ta riƙo yatsan a sama tun daga bakin titi har cikin gidansu a unguwar Limawa ta Dutse, ƙuda na biye da ita, don a gani kafin ya narke.

"Umma, kek ne! Na Mu'minatu 'yar ajinmu. An yi mata bazde. Aka rubuta sunanta a kai, aka yanka, aka cinye sunan. Da aka zo kaina ya ƙare, sai Anti malamarmu ta ce in dangwali farantin."

Uwarta Ikilima tana tankaɗen garin dawa a bakin madafi. Ba ta ɗago ba.

"Je ki wanke hannu."

Ba ƙiyayya ba ce. Afra'u 'yar fari ce, su kuwa mutanen ƙauye ne da zama ya kawo su gari, ba su yar da kunyarsu a hanya ba. A wurinsu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa, ba ta nuna ta damu da ita, balle a gaban nata mahaifin. Mahaifin Ikilima kuwa, Baba Nata'ala, yana nan zaune a inuwar katanga yana tufka igiya.

"Amarya, kawo mijinki ya gani," in ji shi.

"Ni ba matarka ba ce. Ba ka da haƙora."

"Kawo dai, mara kunya."

Ya kama yatsan jikar tasa, ya juya shi a haske, ya shinshina, sannan ya taɓa da bakin harshe. Tsoho ne mai son abin mamaki. A ɗakinsa akwai dutse mai kama da ƙafar jariri, da ƙahon rago da ya murɗe ta baya, da wata kwalba mai ƙaramin baki da ya tsinta a gona, da busasshen kwaɗo a ciki, ba wanda ya san ta inda ya shiga. Yakan bar tuwo ya huce yana kallon tururuwa suna jan fiffiken fara.

"Suna ake ci?" ya ce. "Mu dai mun san a rubuta a allo, a wanke, a sha. Amma a toya suna, a sa masa wuƙa? Ikon Allah."

"Ni ma za a yi mini?" in ji Afra'u.

Ikilima ta ci gaba da tankaɗenta.

Ubanta, Misbahu, ya rasu ana shirin yaye ta. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi wata damina, bai tashi ba. Da Ikilima ta gama takaba a gidan su Misbahu na Kiyawa, wansa, Malam Habibullahi mai makarantar allo, ya rako ta har zauren Baba Nata'ala, ya faɗi magana a gaban shaidu. Yarinya ta zauna wurin uwarta, amma in ta cika bakwai, shekarun da ake fara sa yaro salla, za ta koma gidan ubanta. Ba da faɗa ya faɗa ba. Kowa a zauren ya ce ya yi adalci.

A gidan Malam ba a lissafin shekarun yara da kalanda. Duk Salla in an kai Afra'u gaisuwa, sai ya ce ta ɗora hannun dama ta saman kai ta kamo kunnen hagu. In yatsu sun kai, an cika bakwai. In ba su kai ba, da saura. Afra'u ƙaramin jiki gare ta kamar ubanta. Ikilima kuma duk jajiberin Salla takan yi mata kitso mai tudu a tsakiyar kai, ta naɗa mata ɗankwali mai kauri. Hannu ya hau tudun nan, yatsu su tsaya a sama da kunne suna lilo. Malam ya ce, "Da saura," ya ba ta dabino. Ikilima ba ta taɓa gaya wa kowa dalilin kitson ba.

Amma ita ta san ranar da ta haihu. Tsakiyar bazara ce, kuma tana cikin watan nan da ake ciki. Bakwai za ta cika.

Ta yi kwanaki tana juya maganar a ranta. Hannun yaro ba ya daina tsawo. Ko wannan Sallar, ko ta gaba, kitso zai kasa. In aka tafi da yarinyar, me za ta tuna da shi na uwarta, ban da "tashi" da "zauna" da "rufe mini baki"? Sai ta yanke: za a yi kek ɗin. Mai kyau, ba na dangwale ba. Amma ba za a rubuta shekara ba, ba za a ɗauki hoto ba, kuma za a ci shi ƙofa a rufe.

Ta fara da wani gidan burodi a bakin babban titi, mai akwatin gilashi a gaba. Tun safe ba wuta, kek ɗin da ke ciki duk sun yi gumi. Wani an yi masa siffar adaidaita sahu, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe. Mai shagon ya gutsuro mata gefen wani ta ɗanɗana. Ya bushe kamar ƙanzo, ga ƙarnin kifi, da alama firij ɗaya suke kwana da shi.

"Na yau ne, Hajiya," in ji shi, ba ta ma tambaye shi ba. "Faɗi sunan yaron da shekarunsa, yanzu a zana miki."

Da ƙarfi ya faɗa, ga mutane a layin burodi, ga tashar motocin Kiyawa a tsallaken titi. Ikilima ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce za ta dawo.

Wata maƙwabciya ta yi mata kwatancen wata Ruwaida a Takur, mai yi a gida. Nata kam ba a magana. Ɗakin na ƙamshin bota, ga wani a kan tebur mai hawa biyu da furanni kamar a tsinka. Ruwaida yarinya ce mai fara'a, waya ba ta barin hannunta. Ta zaunar da Ikilima ta riƙa nuna mata hotuna tana turawa da yatsa, kowane kek da sunan mai shi da shekarunsa.

"Duk wanda na yi sai na ɗora, duniya ta gani. Ni ba ni da shago, Anti, wayar nan ce shagona. Har Kiyawa ana kallona. Matan malamai ma suna saya, a ɓoye, su ce wai na ƙanwarsu ne."

"In na ce nawa kada a ɗora fa?"

"Saboda me? Sato yarinyar kika yi?"

Ruwaida ta ƙyalƙyale da dariya. Da ta ga ita kaɗai take yi, sai ta kife wayar a cinya.

"Gaskiya ba zan yi miki alkawarin da hannuna zai karya ba. In wadda ba ta ɗaukar hoto kike nema, sai ki hau Garu ki tambayi gidan Kubura. Wayarta ban da tocila ba abin da take yi. A tukunya take toyawa, kamar mai dambu. Amma an ce da daɗi."

Garu tsohon gari ne, gidaje a maƙale a jikin duwatsu. Akwai wani dutse a can da ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna a kan tsini, kowa na wucewa ta ƙarƙashinsa ba ya ko ɗaga kai, ga akuya a samansa tana tuƙa, ba a san yadda ta hau ba. A bayansa gidan Kubura yake. Mace ce mai jiki, ta manyanta, ido ɗaya ya yi fari. Ta yi aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata, can matar wani malami ta koya mata. Ikilima ta same ta durƙushe a gaban wata ƙatuwar tukunya, yashin rafi a gindinta, garwashi a kan murfi, tana kasa kunne kamar mai sauraron cikin mai juna biyu.

"Zauna, ƙanwata. Kada ki yi magana da ƙarfi, faɗawa yake yi."

Da ta sauke, ta yanko mata gefe da zafinsa. Laushi kamar auduga, ga wani zaƙi da ba na sukari kaɗai ba.

"Dabino ne," in ji Kubura. "Namu na nan. Ina jiƙa shi in dama. Na wa za a yi?"

"Na wata yarinya."

"Wata yarinya ba ta da suna?"

Ikilima ta sunkuyar da kai. Kubura ta juyo da idonta mai gani, ta dube ta, sai ta yi dariya har kafaɗunta na rawa.

"'Yar fari! Ashe da sauranku a duniya. Na yanzu har 'masoyiyata' suke ce musu a gaban surukai. To yaya za mu yi? In yi ta kiran sunaye, in na faɗo ki yi tari?"

Akwai faranti a gefe da garin fulawa ya baɗe. Ikilima ta jawo shi, ta rubuta sunan da yatsa, harafi bayan harafi, sannan ta janye hannu kamar ta taɓa wuta.

"Afra'u," Kubura ta karanta. "Suna mai daɗi. Shekara nawa za a sa?"

"Kada a sa."

"Kyandir fa?"

"Babu."

Kubura ta shafe farantin da tafin hannu.

"To. Ni ban tambaye ki ba, ke ba ki gaya mini ba. Abu ɗaya: farin da nake shafawa a kai ba ya shiri da rana. Ki zo da sassafe, ku ci kafin azahar."

Ranar ta faɗo Asabar, ba makaranta. Ikilima ta ɗauko kek ɗin a cikin baho, ta rufa zane a kai kamar mai dawowa daga wanki. Ta shigo, ta tura ƙyauren gidan, ta sa sakata. Ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta ajiye, ta yaye zanen, ta koma gefe kamar ba ita ta kawo ba.

Fari ne tas, da sunan a rubuce da ja, an jera ɓarin dabino a kewaye. Afra'u ta tsaya. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta karanta sunanta a hankali, ta sake karantawa, sannan ta waiwayi uwarta.

"Duka nawa ne?"

"Kira Baba ya zo."

Baba Nata'ala ya fito yana ɗaura zariyar wando. Ya zagaya tabarmar, ya tsuguna, ya leƙa ta gefe ya ga ko rubutun ya nutse ciki ko a sama yake kwance.

"Lallai amarya, yau kin fi ƙarfina. Wa ya yi miki wannan toshin? Ina da kishiya ne a unguwar nan?"

"Kaka, ka san shekarata? Bakwai! Anti ta faɗa a aji."

"Rufe baki," in ji Ikilima.

"Bakwai?" Tsohon ya ɗaga kai sama. "Haka ne fa. Daminar da ta biyo haihuwarki ce ruwa ya shiga gonata ta fadama. Da ya janye na tsinci tarwaɗa a tsakiyar dawa, da ranta, tana numfashi a kunya kamar ita ta yi shukar. Na daɗe ina kallonta, na kasa ɗauka."

Ya tafi cikin labarin tarwaɗa. Maganar zaure ba ta ko gifta masa ba. Ikilima ta miƙa masa wuƙa da sauri.

Ya yi bisimilla. Amma bai fara da jikarsa ba. Ya yanko babban yanki daga tsakiya, inda rubutun ya fi kyau, ya ce a miƙo masa kwanon samira mai murfi.

"Wannan na Kiyawa ne."

Ikilima ta matso kusa da shi.

"Baba, abin yara ne. Malam ba ya cin irin wannan."

"Ko bai ci ba ya gani. Duk layya sai sun aiko mana da cinya. In sun yi girbi sai mun ga damin gero a ƙofar nan. Mu kuma mu yi wa 'yarsu abu, mu sa sakata mu cinye? A ji a ce me?"

"Rana ta yi. Mai yin ta ce narkewa yake yi."

"Sai in naɗe shi da rawani."

"A bari gobe in ba direba ya kai."

"Gobe ya kwana. Kason dangin uba ba a aika shi da direba, ƙafa ake takawa."

Magana ɗaya ta rage mata, ta kuwa san ta. Baba, in suka ji za su ɗauke ta, ni kuma ba zan iya ba. Amma faɗar haka shi ne ta dubi idon mahaifinta ta ce tana son 'yar fari, ta kuma ce shekara da shekaru tana yi wa surukanta wayo. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin mace ta faɗi irin wannan ba.

"Baba," ta ce.

Ya tsaya da murfin kwano a hannu yana jira. Afra'u ma ta ɗago, ta riga ta dangwali gefe, bakinta duk fari.

"In sun tambaya, a ce sadaka ce."

"To da mece ce? Sadaka ce mana."

Ya ci nasa yankin a tsaye, yana lumshe ido. Ya zare sakata ya fita.

Ɗan acaɓa ya ɗauka. Rana ta bazara ta buɗe, kwalta na tashin wani abu kamar ruwa a nesa, in an iso babu. Ya rungume kwanon a ƙirji cikin rawani. Tun kafin Shuwarin ya fara jin ɗumin ƙarfen a jikinsa. Bai damu ba. Tambaya ce ke yi masa yawo a kai, yana ta gyara yadda zai jera ta.

Ya sami Malam Habibullahi a zaure an idar da azahar, tare da dattawa biyu. Ya yi alwala ya yi tasa sallar, aka gaisa, aka tambayi mutanen Dutse, aka kawo ruwan randa. Sannan ya warware rawanin ya buɗe kwanon.

Farin ya narke ya kwanta a gindi. Jan rubutun ya bi shi ya yi jirwaye, ɓarin dabino ɗaya na iyo a ciki. Dattawan suka leƙa, suka dubi juna.

"Baba, mene ne wannan?" in ji Malam.

"Sadaka ce. Ikilima ta ce a gaishe ku."

"Muna amsawa. Allah ya karɓa."

Da a nan ya tsaya, da an rufe kwano an shiga da shi cikin gida. Amma tambayar ta taho da shi tun daga Limawa.

"Malam, ka ga jan nan? Rubutu ne, rana ce ta ɓata shi. Shi ne nake so in ji daga bakinka. Ya halatta a rubuta sunan mutum a kan abinci, a yanka shi, a ci?"

"Sunan wa aka rubuta?"

"Na jikata. 'Yarku."

"Wani abu ya same ta?"

"Lafiyarta ƙalau. Wai ranar da aka haife ta ce ta zagayo. Haka 'yan makaranta suke yi yanzu, duk shekara in ranar ta..."

Bai ƙarasa ba. Malam ya ajiye carbinsa a kan buzu.

"Ashe ana riƙe da ranar."

A cikin gida wata na daka, kamar ta ji, ta tsaya.

"Ta nawa ke nan, Baba?"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa, gaba ɗaya, kamar katanga. Ya tuna zaurensa da maganar da aka yi a ciki. Ya tuna fuskar 'yarsa ɗazu da ta ce "Baba" ta kasa ci gaba. Ya dubi dattijon da ke dama da Malam, ya gane shi, yana cikin shaidun ranar.

"Allah ne masani," ya ce.

"Allah ne masani, Baba. Kai ma ka sani."

Goshinsa bai gama sakin ƙasar sujada ba. Tsoho ne, an tambaye shi a gaban tsofaffi. Ya buɗe baki don ya ce shida, harshen ya ƙi juyawa.

"Bakwai."

Malam ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba. Ya sa yatsa a kwanon ya gutsuri inda bai jiƙe ba, ya tauna a hankali.

"Da dabino a ciki. Wadda ta yi ta iya." Ya goge yatsan. "Bikin nan ba namu ba ne, amma ba zan yi magana a kansa ba, uwa ce. Sai dai ya nuna lokaci ya yi da za ta dawo inda za a koya mata namu. Gobe da hantsi za mu zo, ni da mai ɗakina Adawiyya."

"Malam, a bari ta gama zangon karatun nan."

"Akwai makaranta a Kiyawa."

"A bari sai bayan Salla. Uwar ba ta shirya ba."

"Baba, kai uba ne a wurina, ba na son in musa maka. Misbahu a kunnena ya ce, 'Yaya, ga Afra'u nan.' Bai ƙara wata magana ba a duniya. Kullum da maganar nan nake kwana. In na mutu gobe ban karɓe ta ba, me zan ce masa?"

Dattawan suka ce gaskiya ne. Baba Nata'ala ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Malam ya rako shi har bakin hanya, ya tsayar masa da babur, ya riƙe masa hannu ya hau.

"Tambayarka kuma," in ji shi, "ba laifi, tunda ba aya ba ce."

Ana kiran magariba ya shigo gida. Afra'u na ɗaki. Ikilima na bakin murhu, ta ɗago ta dubi hannunsa, ba kwano, rawani a wuya duk maiƙo. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon ƙasa.

"Gobe za su zo. Da hantsi."

Ta ci gaba da tura kara a wuta.

"To."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ta yaya zan faɗa, Baba?"

Ya ɗauki buta ya fita masallaci.

Da hantsi adaidaita ta tsaya a ƙofa. Malam ya zauna a zaure da Baba Nata'ala, matarsa Adawiyya ta shigo ciki da sallama. Mace ce mai sanyin hali, ta kawo wa Afra'u sababbin silifa, sun yi mata yawa. Ikilima ta riga ta haɗa kaya tun asuba: riguna, kayan makaranta, man kitso, da 'yar tsanar kara da kakanta ya yi mata. Ta kawo wa baƙi ruwa. Ta je bakin zaure ta durƙusa daga bayan labule ta gaida Malam.

"Kin yi ƙoƙari, Ikilima," ya ce. "Allah ya saka miki. Gidan nan naki ne, duk ran da kika so ki zo ki gan ta."

"'Yarku ce, Malam. Allah ya taya ku riƙo."

Abin da ake faɗa ke nan, ta kuwa faɗe shi daidai, muryarta ba ta karye ba. Adawiyya ta ce kai, Ikilima akwai tarbiyya.

Afra'u tana ta gwada silifa a tsakar gida, suna faɗuwa tana komawa ta saka. Ta zaci irin zuwan Salla ne.

"Umma, me ya sa aka sa kayan makarantata? Kwana zan yi?"

"Za ki ga su Zinariya, yaran gidanmu," in ji Adawiyya da sauri. "Suna ta jiranki. Akuyarmu ma ta haihu."

"Umma, ke ba za ki zo ba?"

"Ki riƙa jin magana," in ji Ikilima. "In an kira ki, ki amsa."

Uwa ba ta raka 'yar fari. Ta tsaya a inda take, aka kama hannun yarinyar aka fita da ita. Ta ji muryar mahaifinta a waje yana ƙoƙarin tsokana, maganar ta mutu a tsakiya. Ta ji an tada inji.

Sai ta zagaya bayan ɗaki, inda ruwan bara ya zubar da kan katanga, ta taka turmi ta leƙa. Daga nan ana ganin kwanar layin. Adaidaitar ta tsaya a can, wasu shanu na tsallakawa, farare, ba sa sauri. Ta hango gefen kan yarinyar a tsakanin manya biyu, tana nuna wani sa da hannu tana magana, Malam ya sunkuyo yana saurare. Saniya ta ƙarshe ta wuce. Adaidaitar ta sha kwana.

Ikilima ta daɗe a kan turmin tana kallon inda shanun suka tsallaka. Can ta ji mahaifinta ya shigo, yana jan ƙafa. Ya kira ta sau ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron a amsa.

"Ina zuwa, Baba," ta ce. Ba ta sauko ba.